Ofishin Jakadanci Ya Sallame Ni Ba Ko Riyal, An Ce Kotu Ba Ta Taɓa Su

Wani bawan Allah ya aiko mini da tambaya daga Jidda. Shekara 9 yana tuƙi a ƙaramin ofishin jakadancin wata ƙasa da ba tasa ba, albashinsa riyal 3,000 a wata. Wata huɗu da suka wuce aka karɓe makullin mota aka ce aiki ya ƙare, ba a ba shi kuɗin sallama ba. Da ya yi zancen kotu aka ce masa ofishin yana da "hasana", wato kariya, bisa dokar duniya. Yana so ya san ko wannan doka ta fi ƙarfin dokar Saudiyya.

Malam, sannu da haƙuri. Abin da aka faɗa maka rabin gaskiya ne, kuma rabin da aka ɓoye shi ne naka.

Kariyar nan iri biyu ce. Akwai ta jami'i shi kansa, wadda aka rubuta a yarjejeniyoyin Biyana na 1961 da 1963, kuma Saudiyya tana cikinsu. Akwai kuma ta ƙasa, wato kotun wata ƙasa ba ta zama alƙali a kan wata. Idan sunan ofishin ne a takardar aikinka, ba sunan wani jami'i ba, to ƙasar ce ta ɗauke ka, kuma kariya ta biyu ce a gabanka. Tushenta al'adar ƙasashe ce: abin da suka daɗe suna yi, suna kuma ɗaukarsa wajibi a kansu, kamar yadda sashe na 38 na dokar Kotun Duniya ya bayyana.

Kowace ƙasa da ƙofar da take buɗe wa wannan al'ada. Jamus ta rubuta a sashe na 25 na tsarin mulkinta cewa ƙa'idojin duniya na gama-gari suna gaba da dokokin majalisarta. Afirka ta Kudu, a sashe na 232, ta karɓe su muddin ba su saɓa wa tsarin mulki ko dokar majalisa ba. Saudiyya ba ta yi irin wannan rubutu ba. Tsarin mulkinta na 1992 ya ce a sashe na 1 Alƙur'ani da Sunna su ne kundin ƙasa. Sashe na 48 ya umarci kotuna su yi hukunci da Shari'a da dokokin da shugaba ya kafa waɗanda ba su saɓa mata ba. Yarjejeniyar ƙasa da ƙasa kuwa, a sashe na 70, da umarnin sarki take fitowa. Ba inda aka ambaci al'adar ƙasashe da sunanta.

Saboda haka idan ka tsaya gaban alƙali kana cewa "dokar duniya ta ce", ba ka ba shi abin riƙewa ba. Shi ma lauyan ofishin haka. Dole kowa ya nuna inda maganarsa ta shigo cikin abin da alƙalin yake da hurumin aiki da shi.

Taka tana da mashiga. Sashe na 47 na tsarin mulkin Saudiyya ya ba ɗan ƙasa da mazaunin ƙasa 'yancin kai ƙara daidai wa daida. Sannan a 2010 Saudiyya ta shiga yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2004 kan kariyar ƙasashe a kotuna. Yarjejeniyar ba ta fara aiki ba domin ƙasashen da suka amince ba su kai 30 ba, amma shigar Saudiyya shaida ce ta abin da ta yarda shi ne al'ada. Sashe na 11 nata ya ce ƙasa ba za ta fake da kariya ba a rigimar kwantiragin aikin da aka yi a ƙasar da kotun take, sai a wasu wurare da aka keɓe.

Al'adar ta daɗe da sauyawa. A 1977 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Ingila ta ƙi ba Babban Bankin Najeriya kariya a rigimar simintin da ya cushe tashar jiragen ruwan Legas, domin ciniki ne, ba aikin mulki ba. A 2017 Kotun Ƙolin Birtaniya ta duba ƙarar mata biyu 'yan Maroko, ɗaya mai girki a ofishin jakadancin Sudan, ɗaya mai aikin gida a na Libiya, ta ce al'adar ƙasashe ba ta hana irinsu neman haƙƙinsu ba. Waɗannan hukunce-hukunce ba su ɗaure alƙalin Jidda ba, amma da irinsu ake nuna inda al'ada ta kwana. A ganina direba ya fi kusa da mai girki nesa ba kusa ba, fiye da mai riƙe sirrin gwamnati.

Ka kula da wuraren da aka keɓe. Kada ka nemi a mayar da kai bakin aiki, kariyarsu ta tsaya daram a nan. Kuɗinka kawai za ka nema. Ka duba kwantiragin ko ka sa hannu cewa kotun ƙasarsu ce za ta raba ku. Idan kuma kana da takardar zama ɗan ƙasar da ta ɗauke ka aiki, lissafin ya sauya.

Bisa sashe na 84 na dokar ƙwadago, kana da rabin albashin wata a kan kowace shekara cikin biyar na farko, da cikakken albashin wata a kan kowace shekara bayan nan. Riyal 7,500 ke nan da 12,000, jimla 19,500, ban da kuɗin hutun da ba ka ci ba da na rashin sanarwa.

Ba zan ruɗe ka ba: cin shari'a daban, karɓar kuɗi daban. Ko ka yi nasara, ba mai shiga ofishin ya kama mota ko ya taɓa asusun da suke gudanar da aikin jakadanci da shi. Wannan kariya ta dukiya ta fi ta gurfana a kotu tauri. Shi ya sa nake so ka bi hanya biyu lokaci guda. Ka rubuta koke da Larabci zuwa reshen Ma'aikatar Harkokin Waje da ke Jidda, domin ta nan gwamnati take magana da ofisoshin jakadanci, kuma ba ofishin da yake son a riƙa tuna masa bashin direba a takardar hukuma. A lokaci guda ka shigar da buƙatar sulhu a Ma'aikatar Ƙwadago. Idan kwana 21 na aiki suka wuce ba a daidaita ba, magana ta tafi kotun ma'aikata, inda ma'aikaci ba ya biyan kuɗin kotu a kan haƙƙin aikinsa.

Kotun ba ta karɓar ƙara bayan wata 12 da rabuwa, sai da uzurin da ta gamsu da shi ko ɗaya ɓangaren ya amsa bashin. Huɗu sun riga sun tafi, kuma "ka dawo mako mai zuwa" ba ya tsayar da kwanaki. Ka haɗa kwantiragi, iƙama (katin izinin zama), shaidar shigar albashi ta banki, katin aiki da saƙonnin WhatsApp. Duk takardar da suka miƙo maka mai cewa ka karɓi haƙƙinka gaba ɗaya, kada alƙalaminka ya taɓa ta sai kuɗin sun shiga hannunka, kuma lauya mai lasisin Saudiyya ya karanta ta.