Yayana ya ajiye aiki yana rabar da dukiya: za a iya kai shi asibiti dole?

Tambaya: Barista, yayana ya ajiye aikinsa mai albashi mai kauri, ya daina zuwa taron dangi, ya rabar da kusan rabin abin hannunsa ga mabuƙata. Yanzu kawunanmu sun ce ya taɓu, suna shirin kai shi asibitin ƙwaƙwalwa dole, su karɓe ikon dukiyarsa. Suna da wannan damar?

Amsa: Malama, in dai abin da kika lissafa shi ne iyakar hujjarsu, ba su da ita. Yin abin da jama'a ba su saba gani ba bai isa ya zama ciwo ba, balle ya zama dalilin kulle mutum.

Wannan ma'auni na "ya saɓa wa mutane, don haka ba shi da lafiya" an daɗe ana cutar da bayin Allah da shi. A 1851 wani likita a Amurka, Samuel Cartwright, ya yi iƙirarin cewa gudun da bayi ke yi daga iyayen gijinsu ciwon ƙwaƙwalwa ne. Irin wannan ta'asa ta sa a 1991 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ƙa'idojin kare masu taɓin hankali, inda ta ce rikicin iyali, ko ƙin bin ɗabi'u da ra'ayoyin da suka yi rinjaye a al'umma, ba zai taɓa zama dalilin da za a dogara da shi a yanke cewa mutum yana da ciwon ba. Ƙa'idojin ba sa tilasta wa ƙasa kai tsaye, amma lauya zai iya kafa hujja da su.

Shari'ar da ta fi kama da taku ita ce ta Kenneth Donaldson. Mahaifinsa ne ya nemi a tsare shi, ya kuma shafe kusan shekara 15 a wani asibitin gwamnati a Florida alhali bai taɓa cutar da kowa ba. A 1975 Kotun Ƙolin Amurka ta ce ƙyamar jama'a kaɗai ba ta halatta a tauye 'yancin mutumin da ba shi da haɗari, wanda zai iya rayuwa lafiya a waje. Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai ma ta faɗi makamancin haka a 1979.

Batun dukiya shi ya fi damuna, domin sau da yawa a nan zancen yake karkata. Tambayar da alƙali ke yi ita ce: ya san abin da ya mallaka? Ya san wa yake ba wa, da abin da zai rage masa? A Ingila a 1870, a shari'ar Banks da Goodfellow, kotu ta tabbatar da wasiyyar wani mutum da ya yi imani aljanu na bibiyarsa, saboda wannan ruɗin bai shafi yadda ya raba dukiyarsa ba. To, in wanda aka san yana da lalura bai rasa ikonsa ba, ina ga wanda laifinsa kyauta ce kawai?

Sai dai ki duba da idon basira. In sauyin ya zo wa yayanki ne kwatsam, ya daina barci, yana magana ba tsayawa, yana jin muryoyi, ko yana ambaton kashe kansa, wannan wani zance ne daban, kuma ganin likita cikin gaggawa taimako ne gare shi.

Shawarata, ki zauna da shi ki faɗa masa abin da ake shiryawa, kada ya ji daga sama. Ki lallashe shi ya ga likitan ƙwaƙwalwa da kansa, wanda shi ya zaɓa, ya karɓi rahoto a rubuce. Kyaututtukan da zai yi nan gaba a rubuta su da shaidu. Kada ya sa hannu a kowace takardar wakilci sai lauyansa ya karanta, kuma lauyan ya duba sharuɗɗan kwantarwar dole a dokar ƙasar da kuke zaune. In kuwa aka riga aka ɗauke shi, a garzaya kotu a nemi umarnin a kawo shi gaban alƙali, masu tsare da shi su bayyana hujjarsu.