Tambaya da amsa: Shin sai an buga kwafin zuciyar 'yata kafin a yi mata aiki?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. 'Yata mai shekara 19 ta daɗe tana fama da haki da kumburin ƙafa. An yi mata hoton eko, wato hoton zuciya da ake ɗauka da na'ura mai amfani da sauti, a nan Kaduna, aka ce wata ƙofar zuciyarta ta ɓangaren hagu ta tsuke, sai an yi aiki. Mun tura takardunta wani asibiti a ƙasar waje, sai suka ce za su iya buga kwafin zuciyarta da roba su yi nazari a kai kafin aikin, amma da ƙarin kuɗi. Mene ne wannan, kuma dole ne? Kuɗin ma da karo-karon 'yan uwa muke haɗa shi. Daga wani uba a Rigasa.

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Allah ya ba ta lafiya, ya kuma saka wa waɗanda suka tallafa muku da alheri.

Abin da suka faɗa maka gaskiya ne, akwai shi, kuma yana da amfani a inda ya dace. Ana ɗaukar hoton zuciya da na'urar siti sikan bayan an zuba wa majiyyaci ruwan da ke haska jini ta jijiya. Na'urar tana fitar da ɗaruruwan hotuna yanka-yanka, kaurin kowane bai kai milimita 1 ba. Daga nan ƙwararre zai zauna gaban kwamfuta ya ware tsoka daga jini, ya ware inda sinadarin kalsiyam ya daskare, sannan a tura wa na'urar bugu mai fitar da siffa, ta riƙa jera roba shimfiɗa bisa shimfiɗa har zuciya ta fito daidai da girman ta mai ita. Ana iya haɗa roba mai laushi da mai tauri a bugu ɗaya. Likita zai riƙe ta a hannu, ya leƙa cikinta, ya zura ƙofar roba ko ta ƙarfe ya ga yadda za ta zauna, kamar yadda tela mai hankali ke gwada sabon ɗinki a kan yadi mai araha kafin ya sa wa shadda almakashi.

Inda wannan ya fi amfani shi ne aikin da likita ba ya ganin ƙofar da idonsa. Tun da Alain Cribier ya dasa ƙofar zuciya ta hanyar siririn bututu a birnin Rouen na Faransa a 2002, wannan hanya ta bazu, musamman ga tsofaffin da ba za su iya jure a buɗe musu ƙirji ba. Ana zura bututun ta jijiyar gindin cinya, kuma idan aka saki ƙofar ta zauna ke nan. In ta yi ƙanƙanta jini zai riƙa yoyo ta gefe, in ta yi girma tana iya yaga wurin, ko ta toshe bakin jijiyoyin da ke ciyar da zuciyar kanta. Haka ma yaran da aka haifa da zuciyar da hanyoyinta suka sarƙe, da wanda aka taɓa yi wa aiki za a sake komawa. A irin waɗannan, gwaji a kan roba yana iya sauya shawarar likita gaba ɗaya.

Sai dai robar tsaye take, ita kuwa zuciya tana bugawa kusan sau 100,000 a yini. Abin da aka buga hoton daƙiƙa ɗaya ne kawai, kuma fatun ƙofar da siraran igiyoyin da ke riƙe su ba sa fitowa sosai a siti sikan.

To, mu dawo kan 'yarka. Bisa shekarunta da bayaninka, ga dukkan alamu ƙofar da ake kira maitiral ce, mai marfi biyu, kuma abin da ya fi tsuke ta a ƙasarmu shi ne ciwon rumatik, wanda ke biyo bayan ciwon maƙogwaro na ƙwayar cuta da ba a yi wa magani ba tun yarinta. Faɗin wannan ƙofa a lafiyayye santimita murabba'i 4 zuwa 6 ne, idan ya ragu zuwa 1.5 ko ƙasa, tsukewar ta yi tsanani. Eko ne ke auna wannan, kuma shi ke nuna marfin yana motsi, abin da roba ba za ta nuna ba. Akwai ma ekon da ake zura wa ta maƙoshi, wanda ke ganin ƙofar daga kusa, ya kuma duba ko jini ya daskare a cikin zuciyar. Ga mafi yawan masu irin ciwonta, wannan ya wadatar. Idan kuma buɗe ƙirji za a yi, likitan fiɗa zai ga ƙofar ƙiri-ƙiri, ma'auni na hannunsa. Don haka ra'ayina shi ne kada ka biya wannan kuɗi sai sun faɗa maka takamaiman abin da ya shige musu duhu a zuciyarta wanda eko da siti sikan suka kasa warwarewa. Ka tambaye su cikin girmamawa: in an buga, wace shawara ce za ta iya canzawa? Likitan kirki ba zai ji haushi ba.

Abin da na fi so ka matsa a kai shi ne irin aikin da za a yi. Idan marfin bai yi tauri ba kuma ba ya yoyo sosai, ana iya buɗe ƙofar da balan-balan ta jijiya, dabarar da likitan Japan Kanji Inoue ya bayyana a 1984, ba tare da an yanka ƙirji ba. Idan dole sai an sauya, ƙofar ƙarfe tana daɗewa, amma za ta sha warfarin, maganin hana jini daskarewa, iya rayuwarta tare da gwajin jini a kai a kai, kuma wannan magani yana iya cutar da ɗan tayi. Ƙofar da ake yi da fatar dabba ba ta buƙatar hakan na dindindin, sai dai tana saurin lalacewa a jikin matasa, wato akwai wani aikin a gaba. Yarinya ce da aure da haihuwa ke gabanta insha Allahu, saboda haka a zauna da ita da mahaifiyarta a yi wannan magana kafin a sa hannu a kowace takarda. Ina jin ciwo ƙwarai idan na ga an dawo da yarinya da ƙofar ƙarfe, ba wanda ya yi mata bayanin ɗaukar ciki, kuma kuɗin gwajin jini ya ƙare a tafiya.

Kafin ku nemi biza, ka kai takardun wurin likitan zuciya a Asibitin Koyarwa na Barau Dikko ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika ya sake dubawa, ka kuma tambaye shi ko za a iya yin aikin a cikin gida, domin tun 1974 aka fara tiyatar buɗe zuciya a Najeriya, a Enugu. Ka tabbatar tana karɓar allurar fenisilin duk bayan mako 3 zuwa 4 idan an rubuta mata, kafin aiki da bayansa, a kuma duba haƙoranta kafin tiyata. Ƙannenta ma, duk wanda ya yi ciwon maƙogwaro da zazzaɓi a kai shi asibiti, kada a tsaya kan ruwan ɗumi da zuma kaɗai.