Amsa kan masassaƙin cocin da ya zama magajin gari

Malam, ka tambaya ko an taɓa samun masassaƙin kayan coci da ya riƙe mulkin gari. An samu, domin Tilman Riemenschneider, Bajamushen da ya zauna a Würzburg tun 1483, ya shiga majalisar birnin a 1504, sannan ya zama magajin gari a 1520. Aikinsa da na fi jinjina wa shi ne bagadin cocin Yakubu da ke Rothenburg, wanda ya sassaƙa tsakanin 1501 da 1505, ya bar itacen da launinsa babu fenti. Siyasa kuwa ita ta ja masa, don da majalisar ta goyi bayan manoma masu tawaye a 1525, sai aka tsare shi, aka ƙwace wani ɓangare na dukiyarsa. Ya rasu a 1531.