Amsa ga mai tsohuwar Marsandi a Houston: wace tirela mai rufi zai saya?

Wani ɗan'uwanmu da ke aikin jinya a Houston ya turo tambaya. Ya ce ya sayi Marsandi 300D ƙirar 1984, irin wadda mahaifinsa marigayi ya hau a Kano, ya kashe mata kuɗi ta dawo fes, amma gidan da yake haya ba gareji, tana kwana a waje rana da ruwa. Yana son sayen tirela mai rufi, wadda ake ja da mota, ya riƙa ajiye ta ciki yana kai ta wajen baje kolin tsofaffin motoci, kuma in Allah ya yarda wata rana ya tura ta gida. Ya ga wata baƙa mai ƙafa 20 a Facebook da araha, mai ita ya ce babu taitil, wato takardar mallaka ta hukuma, amma zai rubuta masa rasit. Motar da zai ja da ita Toyota Highlander ce. Ya kuma ce ko zai iya ɗan yin lodin motocin mutane da ita ranakun hutu don ta mai da kuɗinta.

Toh ƙanena, Allah ya jiƙan Baba ya kai haske kabarinsa. Na fahimci abin da motar nan take a wajenka, kuma ba zan ce maka ɓarnar kuɗi kake ba kamar yadda ka ce wasu a gida suna faɗa, mutum na da haƙƙin ya riƙe abin da ke tuna masa da iyayensa. Amma waccan baƙar tirelar ta Facebook ka bar ta, kuma Highlander ɗinka ba za ta yi aikin nan ba, bari in nuna maka da lissafi don kar ka ce son raina ne.

A jikin kowace tirela, gefen hagu ta gaba kusa da ƙarfen ja, akwai ɗan faranti ko sitika da aka rubuta GVWR. Wannan shi ne iyakar nauyin da aka yarda ta kai, ita kanta haɗe da duk abin da ke cikinta. Yawancin masu arahar nan aksil (ƙarfen da ke riƙe tayoyi) biyu gare su kowanne na fam 3,500, wato jimla fam 7,000, kilo dubu uku da ɗan wani abu kenan. Tirelar ƙarfe mai ƙafa 20 ba komai a ciki tana kai wajen fam 3,300 zuwa 3,600. Marsandinka kuma ba ƙaramar mota ba ce a sikeli, da injin dizal ɗin nan mai silinda biyar tana wajen fam 3,500. Ka haɗa ka gani. Tun kafin ka saka safaya taya da jak da akwatin sifana da jarkar mai ka riga ka cike ma'aunin ko ka haura, kuma haka za ka hau babbar hanyar I-10 da zafin Texas na watan Agusta taya na ɗauke da iyakar abin da za ta iya. Nan ne taya ke fashewa ta yage fendar ta bugi gefen tirela. Don haka abin da nake ba ka shawara ka nemi mai aksil biyu na fam 5,200 kowanne, za ka ga an rubuta mata GVWR 9,990, da gangan kamfanoni ke tsayar da ita ƙasa da 10,000 saboda dokokin da ke hawa kan mutum in an haura nan. Ita ce za ta ba ka sarari, birkinta ma ya fi girma. In aljihu zai ɗauka, ta alminiyom irin na Featherlite ko ATC ta fi sauƙin nauyi kuma ba ta tsatsa irin ta ƙarfe, sai dai kuɗinta ya yi sama sosai, ba dole ba ce gare ka.

Highlander iyakarta fam 5,000, kai kuma kana maganar fam 7,000 da ɗoriya. Kuma ba ƙarfin ja kaɗai ba ne, kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyin tirela yana sauka ne a kan ƙugiyar bayan motar da ke ja, wato wajen fam 700 zuwa 1,000 zai danne bayanta. Buɗe ƙofar direba ka duba sitika mai rawaya a jikin ginshiƙin, za ka ga nauyin da motar za ta iya ɗauka gaba ɗaya, a ciki za a cire wancan fam ɗin, a cire kai da iyali da kaya. Ga kuma iska, tirela mai rufi bango ce guda mai faɗin ƙafa 8 da rabi, in babbar mota ta wuce ka da gudu sai ka ji ta tura ka gefe, ƙaramar mota a gaba ba ta iya riƙe ta in ta fara lilo. Sai a-kori-kura irin Tundra ko F-150 da aka shirya don ja, kuma ko su ma ka duba sitikarsu don ba duka ɗaya ba ne, F-250 kam hankali kwance. Dole a sa mata na'urar da ke sarrafa birkin tirela daga cikin mota, da soket mai baki bakwai, da ƙwallon ja mai inci 2 da 5/16, da ƙarafan nan masu rarraba nauyi zuwa tayoyin gaba. A Texas tirelar da ta haura fam 4,500 doka ce ta kasance da birkinta. In ba ka da niyyar canja mota yanzu, ba laifi, sayi tirelar don ajiya, ranar da za ka fita ka yi hayar a-kori-kurar da kamfanin ya yarda a ja kaya da ita.

Tsawo kam ƙafa 20 ta ishe ka, motar ƙafa 16 ce da bambobinta na Amurka, saura ƙafa 4 na matsar da ita gaba ko baya har nauyin ya zauna daidai. Abin da mutane ke mantawa shi ne fita daga motar bayan an shigar da ita. A ciki akwai akwatunan taya da suka kumburo dama da hagu, tsakaninsu bai fi inci 80 da 'yan kai ba, motarka kuma faɗinta inci 70 ne, ka shigar da ita lafiya ka zo buɗe ƙofa ta daki akwatin ko bango, sai dai ka fito ta taga kana goga takalmi a fentin da ka kashe wa kuɗi. Shi ya sa ake yin ƙofar gefe ta musamman a hagu daidai ƙofar direba. Ka je da tef ka auna tsayin ƙasan ƙofar motarka daga ƙasa, ka auna tsayin akwatin tayar, ka tabbata ƙofar za ta wuce ta samansa. Ko kuma ka sa winci, injin ja da igiya, a gaba ya jawo ta ciki ba kowa a kujera, tsohuwar mota dama wata rana za ta ƙi tashi, ranar za ka gode wa wincin nan. Ka duba zobban ɗauri guda huɗu a daɓen, ka leƙa ƙasa ka ga a ƙarfen firam aka ɗaure su ba a katako kawai ba. Daɓen ya zama katako mai kaurin inci 3/4, rufin ya zama falle ɗaya ba haɗe-haɗe ba. In ta hannu ce ka shiga ka rufe ƙofa da rana tsaka, duk inda ka ga haske na shigowa ruwa ma zai shigo, ka shinshina ko akwai warin ruma, ka taka kusurwoyi ka ji ko katakon ya yi laushi. Tayoyi kuma kar zanen su ya ruɗe ka, tayar tirela tsufa ke kashe ta ba tafiya ba, lambobi huɗu na ƙarshe a rubutun da ya fara da DOT a jikin tayar su ne mako da shekarar da aka yi ta, in ta wuce shekara biyar zuwa shida ka sa kuɗin sababbi cikin ciniki.

Yanzu maganar takarda, wadda ita ta fi damuna. A Texas tirelar da nauyinta ya haura fam 4,000 dole ta kasance da taitil. Wanda ya ce maka ba shi da shi amma zai rubuta rasit, ko dai ta sata ce, ko banki na bin ta bashi, ko shi ma haka ya saye ta a makance yana neman wanda zai ɗora wa. Tirela na cikin abin da ɓarayi suka fi so a ƙasar nan don minti biyu ya isa a maƙala a tafi. Ranar da ɗan sanda ya tsayar da kai ya buga lambar ya ga an yi rahoton sata, kai za a tambaya, kuma kai baƙo ne, duk abin da ya shiga fayil ɗinka na laifi zai iya biyo ka ranar sabunta katin zama ko neman zama ɗan ƙasa. Araha ba ta kai wannan ba wallahi. Ka ga taitil da idonka, sunan da ke kai ya zama na mai sayarwa da katin shaidarsa a hannu, lambar shaida ta VIN mai harafi 17 ta jikin tirela ta yi daidai da ta takarda, ba wurin da aka goge ko aka sake fenti a kan lambar. In sabuwa ce dila zai ba ka takardar asali daga kamfani. Daga nan ka tafi ofishin haraji na gundumarku da fom 130-U cikin kwana 30, ka biya harajin kashi 6.25, ta koma sunanka. Sunanka fa, ba na aboki ko ɗan garinku ba. Na sha ganin zumunci ya lalace a kan abin da aka saya da sunan wani don a rage inshora, ranar da aka yi hatsari ko aka samu saɓani mai suna a takarda shi ne mai kaya a idon hukuma.

Inshora ma kar ka ɗauka ta motar da ke ja ta rufe komai. Yawanci tana biyan ɓarnar da tirelar ta yi wa wani lokacin da kake ja, amma ba ta biyan tirelar kanta, balle Marsandin da ke ciki. Ita Marsandin a yi mata inshorar tsofaffin motoci wadda ake yarjejeniya kan darajarta tun farko, irin ta kamfanin Hagerty ko Grundy, ka faɗa musu gaskiya cewa a tirela take kwana da kuma inda tirelar ke tsaye, don da yawansu suna sharaɗin wurin ajiya mai kulle, su ba ka amsa a rubuce.

Sannan ka sani tirela ba gareji ba ce, musamman a Houston da laimarta. Da rana cikinta ya yi zafi, da dare ƙarfe ya huce raɓa ta taru a rufi tana ɗiga, wata uku ka buɗe ka tarar da fumfuna a kujeru da tsatsa a faifan birki. Shi ya sa fara ta fi baƙa, komai kyan baƙar a hoto. A sa mata mashigar iska a sama da gefe, ka ajiye bokitan maganin tsotse danshi kana canjawa, kar ka taɓa shigar da motar a jiƙe, ka cika tankin dizal don kar ruwa ya taru ciki, ka cire kan batir, ka sassauta bel ɗin ɗauri in ajiya ce ba tafiya ba. Ɓeraye suna son wayoyin tsohuwar mota, toshe duk wata kafa. Duk sati biyu ko uku ka buɗe ta sha iska, ka fito da ita ka zaga har injin ya yi zafi sosai. Kuma ina za ka tsayar da tirelar? Gidajen haya da ƙungiyoyin masu unguwa da yawa ba sa yarda, sai ka kama fili a wurin ajiya na wata-wata. Ka tambayi tsofaffin mazauna wurin ko ruwa ya shiga lokacin guguwar Harvey a 2017, don motocin da ambaliyar nan ta cinye a Houston ba su ƙirguwa, ka zaɓi tudu. Kwaɗo a bakin ƙugiya, maƙalli a taya, da 'yar na'urar bin sawu a ɓoye ciki.

Batun lodin motocin mutane don kuɗi, a nan na ce ka dakata. Da zarar ka karɓi kuɗi ka zama ɗan kasuwar sufuri, inshorarka ta gida ba za ta biya ko sisi ba in wani abu ya faru. In za ka tsallaka jiha da nauyin da ya kai fam 10,001 mota da tirela a haɗe, kana buƙatar lambar USDOT ta ma'aikatar sufurin Amurka da izinin jigila da inshorar aƙalla dala 750,000. 'Yan'uwanmu da ke ɗauko motoci daga gwanjo suna kaiwa tashar jirgin ruwa sana'a ce suka tsaya mata da takardunta. Ka kuma duba irin takardar zamanka, in bizar aiki ce da ke ɗaure da asibitinka to aikin gefe na iya karya ta, ka tambayi lauyan shige da fice kafin ka karɓi dala ɗaya.

Tura ta gida kuma, zan faɗa maka yadda abin yake don kar ka gina buri a kai. Fita da ita daga Amurka ba wuya, kwastan na nan suna son taitil na asali awa 72 kafin a loda. Shigarta Najeriya ne matsalar, jerin kayan da kwastan suka haramta ya haɗa da motar hannu da ta wuce wasu shekaru, da 15 ne aka rage zuwa 12, taka kuwa ta ba shekara 40 baya. Duk ejan ɗin da ya ce maka ba komai zai san yadda zai yi, ka ce ya nuna maka izini a rubuce kafin motar ta bar Houston, in ba haka ba za ta zauna a tashar jirgin ruwa ta Tin Can a Legas kuɗin ajiya na hawa gishirin teku na cin ta. Ni a ganina ka ɗauka a nan za ta zauna, ka sayi tirelar da za ta riƙe ta shekaru. In an gama komai ka loda ta da gabanta a gaba, ka ɗaure kusurwa huɗu, ka biya ta sikelin auna mota na CAT da ke gidajen man manyan motoci ka auna da 'yan daloli kaɗan, ka turo min lambobin da suka fito mu duba tare kafin ka yi doguwar tafiya.