Amsa: Shin tarin tibi ana gadonsa?

Malama, sannu da jinya, Allah ya ƙara sauƙi. Kin ce mutum uku a gidanku nan Sakkwato sun yi tarin tibi, har ana cewa gado ne.

Ciwon kansa ba a gadonsa. Ƙwayar cuta ce da ake shaƙa daga tarin mai ɗauke da ita, kuma zaman ɗaki ɗaya marar iska ya isa ya yaɗa ta. Ni nan na fi zargi.

Amma akwai abin da ake gada: raunin garkuwar jiki ga irin wannan ƙwayar. Cikin waɗanda ta shiga jikinsu, kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari kawai ke kwantawa, kuma gado na da hannu a wannan bambancin. Wasu yara ƙalilan ana haifarsu jikinsu ba ya amfani da sinadarin intaferon gama, wanda ke zaburar da garkuwa. A 1996 aka gano haka a wasu yara 'yan dangi a tsibirin Malta. Irin yaran nan ko allurar BCG ta rigakafin tarin tibi, da ba kasafai take cutar da sauran jarirai ba, takan jawo musu kaluluwa mai ruwa da ciwon ƙashi. An fi ganin wannan raunin inda auren zumunci ya yi yawa, don yaron kan gaji raunin daga uwa da uba.

Ki kai duk 'yan gidan a gwada majinarsu, gwaji da magani kyauta ne a asibitocin gwamnati, shan maganin wata 6. In akwai jaririn da BCG ta wahalar, ki gaya wa likitan yara a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo (UDUTH).