Tambaya da Amsa: Zan sayar da filin gado in je Turkiyya a ƙara mini tsawo

TAMBAYA

Assalamu alaikum Baba. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ranar wanka ba a ɓoyon cibi, shi ya sa na rubuto maka abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Shekaruna 27, ina sana'ar sayar da waya a Kano, tsawona mita 1 da santimita 60. Tun ina firamare ake laƙaba mini sunaye. Shekara huɗu da suka wuce na nemi aikin ɗan sanda, a wurin awon tsawo aka fitar da ni daga layi. Bara kuma na nemi wata yarinya, magana ta yi nisa har manya sun kusa shiga, sai ta janye. Daga baya na ji ƙawayenta ne suka ce mata ranar biki sai an ajiye mini turmi na taka kafin a ɗauke mu hoto. Tun daga nan na daina zuwa ɗaurin aure, ko a sahun salla sai in riƙa satar kallon kafaɗar na kusa da ni.

Na ga bidiyon wani asibiti a Turkiyya a TikTok, suna ƙara wa mutane tsawo. Mun yi magana ta WhatsApp, sun ce da dala 25,000 za su ƙara mini santimita 7. Ina da fili da na gada daga mahaifina, ina tunanin in sayar in haɗa da jarina in tafi. Hajiyata ba ta sani ba. Baba, aikin nan gaskiya ne? Ya halatta? In bai yiwu ba, maganin ƙara tsawo da ake talla a Facebook fa?

Ɗanka daga Kano.

AMSA

Wa alaikumus salam ɗana. Sau uku na karanta wasiƙarka, kuma maganar turmin nan ita ta tsaya mini a rai. Ni mai ba ka amsa tsawona mita 1 da 62 ne, santimita biyu kawai na fi ka, na kuma san yadda irin wannan magana ke kwana da mutum ta tashi da shi shekara da shekaru. Ba zan ce maka ba komai ba ne. Sai dai na yi shekara 30 da ɗoriya a sashen gashin ƙashi, hannuna ya riƙe ƙafafun da aka yi wa irin wannan aiki, kuma abin da idona ya gani shi zan gaya maka.

Aikin gaskiya ne. Wani likitan Tarayyar Sobiyet, Gavriil Ilizarov, shi ya kafa tushensa a garin Kurgan na Saiberiya wajen 1951. Ya lura cewa in aka yanke ƙashi, aka bar shi kamar mako guda ya fara ɗinkewa, sannan aka riƙa raba ɓangarorin biyu sannu a hankali, jiki zai yi ta cike gurbin da sabon ƙashi. Ma'aunin da ya tsayar shi ake bi har yau: milimita ɗaya a rana, a raba shi kashi huɗu. In an yi gaggawa ƙashi ba ya tsirowa, in an yi sanyin jiki sai ya haɗe kafin a kai inda ake so. Sunansa bai fito ba sai a 1968 da ya yi wa Valery Brumel aiki, ɗan wasan tsallen da ya ci zinare a gasar Olamfik ta 1964, wanda haɗarin babur ya ragargaza masa ƙafa har ana maganar yanke ta.

Ka lura da waɗanda aka ƙirƙiro aikin dominsu: wanda karayarsa ta ƙi ɗoruwa, wanda aka haifa ƙafa ɗaya ta fi ɗaya, wanda ciwon ƙashi ya cinye masa wani yanki. A nan gida ma asibitocin ƙashi irin na Dala a Kano da na Igbobi a Legas suna yi wa masu irin wannan lalura. Na tuna wata yarinya 'yar shekara 14 da ƙafarta ta hagu ta gaza ta dama da santimita 5 bayan ciwon ƙashi. Watanni ta yi da zobban ƙarfe a ƙwauri, wayoyi kamar sifokin keke sun huda fata sun ratsa ƙashi sun fito ta ɗaya gefen. Kullum sai an wanke bakin kowane rami, duk da haka wasu suka yi mugunya. In na zo miƙe mata agara, kukanta har bakin ƙofar sashen ake ji. Ranar da ta taka ƙasa daidai ba ɗingishi, ni da mahaifiyarta duk sai da muka yi hawaye. Wahalarta ta biya, don ta shigo da nakasa ta fita da lafiya. Kuma ita ƙafa ɗaya aka taɓa, tana da ɗayar ta dogara.

Kai kuwa ƙafafunka biyun za a karya a rana ɗaya, kuma lafiyarsu ƙalau.

Mu yi lissafi. Santimita 7 milimita 70 ke nan, wato kwana 70 ana ja, bayan makon farko na jira. Sabon ƙashin da ya fito laushi ne da shi, yana bukatar kusan ninki biyu na wannan lokaci kafin ya yi ƙwarin ɗaukar nauyinka. Ka ƙaddara wajen wata bakwai tsakanin keken guragu da sanduna, shekara guda ko fiye kafin tafiyarka ta dawo yadda take, sannan wata tiyatar daga baya don cire ƙarfen. Akwai sandar zamani da ake zurawa cikin ɓargo, a riƙa miƙa ta da na'urar maganaɗisu daga waje, wadda aka amince da ita a Amurka a 2011, amma a can kuɗin aikin ya fi wanda suka faɗa maka nesa ba kusa ba. A farashin da suka faɗa maka yawanci haɗin gambiza ake yi, sanda a ciki da ƙarfe a waje, wato ramukan nan da na ba ka labari. Su ma masu tsadar ba su tsira ba: a 2021 an janye wani samfurin mai suna Stryde daga kasuwa bayan an ga yana tsatsa cikin ƙashin wasu yana sa musu ciwo.

Abin da bidiyon ba ya nunawa shi ne ƙashi kaɗai ke son a ja shi. Tsoka da jijiya da agara tirjewa suke yi. In jijiyar da ke zagaye gefen gwiwa ta jigata, tafin ƙafa sai ya saki, mutum ya riƙa jan sa a ƙasa. In agara ta ɗaure, diddige ya ƙi sauka, sai tafiya da kan yatsu. Gwiwa takan sandare. Wani ƙashin ya ƙi cika gurbin, sai an yanko daga ƙugu an yi masa ciko. Mafi muni, gudan jini ko kitsen ɓargo kan bi jini ya toshe huhu, kuma wannan yana kisa. Mai shan taba da mai sikila, nasu haɗarin ya ninka. Ƙasar Sin da kanta ta hana yin wannan aiki don kwalliya a 2006, bayan mutane da dama sun nakasa a hannun asibitocin da ba su ƙware ba.

Akwai kuma abin da na fi so ka yi tunani a kai, don mai tallar a Istambul ba zai tuna maka ba. Mu rayuwarmu a ƙasa take. Sujada, zaman tahiya, tsuguno a bayi, naɗe ƙafa a tabarma a ci tuwo da 'yan'uwa, durƙusa wa Hajiya da safe, duk gwiwa da idon sawu ke yin su, kuma su ne gaɓoɓin da aikin ya fi taɓawa. Na sha ganin magidanci ya warke daga karaya, yana tafiya lafiya, amma salla sai a kujera saboda gwiwa ta ƙi lanƙwasuwa, kuma in ka zauna da shi wannan ne abin da ya fi ci masa rai. Sannan in ka dawo Kano, gashi kullum za ka bukata, da hoton ƙashi a kai a kai. In wani abu ya karkace a wata na huɗu, likitan da ya yi aikin yana wata ƙasa, kuɗin fili ya ƙare, shago ya yi watanni a rufe. Irin wannan ne Bahaushe ke cewa garin neman gira a rasa ido.

Aikin ɗan sanda kuwa, ka cire shi daga lissafi. Santimita 7 za su kai ka daidai 1.67 da ake nema ga maza, amma kurata daga shekara 18 zuwa 25 ake ɗauka, ka riga ka wuce.

Maganin Facebook ƙarya ne. Tsawo daga wani guringuntsi yake fitowa a ƙarshen dogayen ƙasusuwa, kuma yana rufewa ga maza wajen shekara 18. Da ya rufe, ba ƙwaya ba gari ba tsimi. Za su kawo maka misalin Messi. Shi yana yaro aka gano jikinsa ba ya samar da isasshen sinadarin girma, aka yi masa allurai guringuntsin na buɗe. Baligi in ya yi waɗannan allurai ba zai ƙaru da komai ba sai kumburin gaɓoɓi da haɗarin ciwon suga. Inda tsawo ke amsa kulawa shi ne daga ɗaukar ciki zuwa shekara biyu, kuma a nan muke asara: binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna yara 57 cikin 100 'yan ƙasa da shekara biyar a Arewa maso Yamma sun tsumbure. Ka riƙe wannan don 'ya'yan da Allah zai ba ka.

Batun halacci, malamai sun raba gyaran aibi da sauya halitta. Annabi (SAW) ya yarje wa Arfaja ɗan As'ad ya sa hancin zinare bayan an yanke nasa a yaƙi, kuma Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Malesiya a 2007, ta halatta tiyatar da ke dawo da aikin gaɓa ko gyara nakasa, ta hana wadda ake yi wa lafiyayyen jiki don son sauya kamanni kawai. Yarinyar da na ba ka labari tana ɓangaren farko. Mita 1 da 60 kuwa ba nakasa ba ce, tsawon mutane ne. Ka kai wa malaminka maganar yadda ka kawo mini, ka gaya masa har da haɗarin.

Tun da mun shigo nan, ka san addini bai ɗauki abin da aka yi maka da wasa ba. Nana A'isha ta taɓa yin nuni da gajartar Nana Safiyya, Annabi (SAW) ya ce mata ta faɗi kalmar da in an cuɗa ta da ruwan teku sai ta gurɓata shi. Sahabbai sun yi dariyar sirantar ƙwaurin Abdullahi ɗan Mas'ud da ya hau bishiya, aka gaya musu ƙwaurin nan sun fi dutsen Uhudu nauyi a mizani. Laifin maganar turmi yana wuyan waɗanda suka yi ta, kuma ban ga dalilin da zai sa ƙafafunka su biya bashin bakinsu ba.

Ga abin da nake so ka yi. Akwai takalma masu tudu a ciki, da sawu ciki da ake sa musu ƙari, waɗanda ke ɗaga mutum santimita 5 zuwa 7 ba wanda ya lura. Ka saya, ka fara da ƙaramin ƙari don kada bayanka ya yi ciwo, ka sa su wata uku. Wannan shi ne daidai tsawon da za ka sayar da fili dominsa, ka same shi da kuɗin takalmi. Ka je ɗaurin aure da su, ka tsaya a shago da su, ka duba me ya sauya. In ka ji sanyi a ranka, to ga maganinka, ka ci gaba da sawa. In kuma har yanzu kana auna kafaɗar mutane, ka gane ciwon ba a ƙashi yake ba, kuma ko an ja ka santimita 7 zai bi ka ya dawo tare da kai a jirgi.

Ka kuma zauna da telanka. Riga mai faɗi da ta sauka har ƙwauri dulmiye gajere take yi. A tsaya da ita a gwiwa, a rage faɗin wando, riga da wando launi ɗaya, hula mai tsayi irin zanna a tsaye ba a karya ta ba. Ka riƙa motsa jiki don kafaɗa ta buɗe, domin wanda ya saba jin kunyar jikinsa duƙar da kai yake yi ya ƙara rage wa kansa.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarka shi ne daina zuwa taro da kallon kafaɗu a cikin salla. Akwai lalurar da ke sa tunanin mutum ya maƙale a kan abu ɗaya na jikinsa har ya hana shi sakewa, likitocin ƙwaƙwalwa sun san ta, ana maganinta da zaman tattaunawa, wani lokaci da ƙwaya, kuma masu ita ba kasafai tiyata ke gamsar da su ba. Ka je sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ka faɗa musu abin da ka faɗa mini. Zuwa can ba hauka ba ne. Ni ma da na samu mai saurarona ina ɗan shekara 27, da na huta da wuri. Matar da na aura ta fi ni tsawo, muna shekara ta 33 tare, kuma ranar da na je gaishe da mahaifinta, sana'ata da sallata ya tambaya.

A daren nan ka samu Hajiya ka gaya mata komai, har da maganar turmin. Ka damƙa mata takardun filin ta ajiye. Bayan wata uku da takalman nan da zuwa asibiti, ka sake rubuto mini, ina jira.