Amsa: Na'urar sauraron 'yan sanda ta yi shiru a Chicago

Malam, kada ka kai ta wurin mai gyara, lafiyarta ƙalau. Ka ce a da kana jin 'yan sandan unguwarku tar, yanzu kuma sai shiru ko wata ƙara kamar ana soya gyaɗa, kana tambaya ko sabuwa za ka saya. Ko ta dubban daloli ka sayo, haka za ka ji.

Tun 2022 Chicago ta fara mayar da tashoshin 'yan sandanta na dijital, ta kuma kulle su. Muryar takan rikiɗe ta zama lambobi kafin ta bar rediyon ɗan sanda, sai rediyon da aka ɗora wa mabuɗin ne ke iya mayar da ita magana. Ƙoƙarin fasa kullen ma laifi ne a dokar tarayyar Amurka, don haka ka rabu da masu tallan manhajar buɗewa.

Abin da ya rage maka shi ne shafin intanet na Broadcastify, inda ake sakin maganganun bayan minti 30. Hukuma ta ce tana kare jami'anta ne, tana kuma hana 'yan iska kutsa kai cikin tasha. Wannan kam da gaskiyarta, ni ma ba na so a karanto sunan matar da mijinta ya doka da adireshinta kowa na ji. Amma minti 30 ga ɗan jarida? Kafin ya isa an share wurin, sai abin da kakakin 'yan sanda ya ga dama ya faɗa. New York ma ta bi sahu wajen kulle tashoshin 'yan sandanta daga 2023.

Ka juya na'urar taka wajen 118 zuwa 137 MHz, za ka ji matuƙa jiragen sama na filin jirgin O'Hare da ke Chicago suna magana da hasumiyar kula da jirage, wannan a buɗe yake.